Wanda Santsi Ya Kwashe, Wa Ya Kayar Da Shi?

  Gaisuwa ta musamman ga mutanen Karaye da Rogo, daga Turawa da Yammedi da Tudun Kaya, har zuwa Zarewa da Fulatan da Ruwan Bago. Na gida da na kasuwa, masunta a bakin dam, direbobi a kan hanya, duk sannunku da ƙoƙari. Sharhinmu na yau a fagen kokawa zai zauna, daga baya ya leƙa gidan dambe. Tambaya guda muka zo da ita. Idan santsi ya kwashe ƙafar ɗan kokawa ya faɗi, wa ya kayar da shi?

Kada ku yi saurin amsawa. Alƙali ya ga faɗuwa, ya ɗaga hannun wanda ya rage a tsaye. Makaɗi ya ɗauki kirari, 'yan kallo sun cika fage da sowa. A ido, magana ta ƙare. Amma wanda aka ɗaga wa hannu ya san bai yi kaye ba. Wanda ke kwance ya san ba ƙarfi aka fi shi ba. Ƙasa ce ta yi aikin, mutum ya karɓi lada. Daga nan ra'ayinmu ya taso, kuma za ku ji shi sau da yawa kafin mu rabu. Alƙalanci tun kafin a buga ganga yake farawa. Yana farawa daga ƙasar da za a taka, da jikin da za a kama, da hannun da za a naɗe. Alƙalin da bai duba waɗannan ba, ko ya fi kowa tsoron Allah, hukuncinsa a kan rairayi ya gina shi.

Bari mu fara daga ƙasa.

A ƙasar Hausa, kokawa da dambe wasan kaka ne. An girbe dawa da masara, an kai amfani gida, samari sun ajiye fartanya, aljihu ya ɗan yi nauyi. Sai gari ya gayyaci gari. Ƙasar Rogo kuwa a bakin iyaka take. Makarfi ta jihar Kaduna tana kusa, ƙasar Katsina ma haka, don haka baƙo ba ya wuyar samu. To a ina ake yin wasan? A ƙauye, duk inda aka samu sarari. Filin makarantar firamare ne, ko gefen kasuwa, ko gonar da aka gama girbe. Mai sauraro, rufe idonka ka duba irin wannan fili da kyau. Ga tushiyar dawa da aka sare a karkace, bakinta kamar na wuƙa. Ga tsakuwa. Ga ɓawon rake da 'yan kallo suka tofar, ga ledar ruwa da iska ta kwaso. Hunturu ya shigo, ƙura na tashi, sai masu shirya wasa su sa yara su yayyafa ruwa. Niyyarsu mai kyau ce. A kan yashi, ruwan nan alheri ne, yana kwantar da ƙura, ƙafa ta sami wurin kafuwa. A kan laka ko jar ƙasa mai danƙo, labarin daban ne. Sama ta yi sulɓi, ƙasa tana nan da taurinta kamar daɓe. Kuma yaro mai bokiti ba ya raba ruwa daidai. Wani gefen ya jiƙe sharkaf, wani gefen ko ɗigo bai samu ba. An wayi gari fage ɗaya ya zama fage biyu.

Duk wanda ya san kokawa ya san ƙarfinta daga ƙafa yake tasowa. Hannu kamu yake yi, ƙugu ya juya, amma yatsun ƙafa da aka kafa a ƙasa su ne ke ɗauke da komai. Idan abokin karawa ya ɗaga ka, jikinka yana samun labari tun kafin ka bar ƙasa. Kana sunkuyar da haɓa, kana naɗe jiki, kana neman faɗuwa ta kafaɗa ko ta gefe. Gwanayen kokawa sun iya faɗuwa kamar yadda suka iya kayarwa. Santsi kuwa ba ya sallama. Ƙafa ce za ta tafi gabas, gangar jiki ta yi yamma. Mutum ya miƙa hannu a sandare don ya tokare, nauyinsa duka ya sauka a wuyan hannu ko gwiwar hannu. Ko ƙafafu su wage, gwiwa ta murɗe. Mafi muni, su biyun su zube tare, nauyin ɗaya ya sauka a wuyan ɗaya. Kun ga ke nan, santsin da ya ƙwace wa mutum nasara, shi ɗin ne dai zai aika shi wurin maɗori. Kare lafiya da yin adalci a nan aiki guda ne, kuma tsintsiya ɗaya ke yin su.

Kada wani ya ɗauka wannan sakaci na ƙauye ne kawai. A shekarar 2000 an yi gasar Olamfik a birnin Sidni na ƙasar Ostireliya. A wasan tsalle-tsalle da alkafura na mata, akwai wani dokin katako mai rufin fata da ake dafawa a yi tsalle. Masu shirya wuri suka saita shi ƙasa da yadda doka ta ce, da santimita 5 kacal. Tsawon ɗan yatsa ma bai kai ba. 'Yan wasa suka yi ta zubewa, alƙalai suna ta rage musu maki. Svetlana Khorkina ta Rasha, wadda ake sa ran za ta lashe gasar, ta faɗi. Wata 'yar Birtaniya ta ji rauni ta fice. Sai da wata 'yar wasan Ostireliya ta dage cewa a auna, sannan aka gano kuskuren. An ba su damar sakewa, amma wadda ta ji rauni ta riga ta ji, wadda zuciyarta ta karye ta riga ta karye. Alƙalan nan ba wanda ya ce sun ci hanci. Abin da idonsu ya gani suka hukunta. Laifin yana can baya, a wurin da ba a duba ba.

Mu dawo kusa da gida, mu tsallaka Nijar. Tun 1975 suke gasar kokawa ta ƙasa, wadda aka fara a Tawa, Kantu na Maraɗi ya fara lashe ta. Jihohi takwas ke kawo 'yan kokawa goma-goma, ana zagayawa da gasar daga babban gari zuwa babban gari. Da yawanmu mun saurari karawar Isaka Isaka na Doso a rediyo, ko mun kalle ta a waya. Idan kun sake kallo, ku ɗauke ido daga kan 'yan kokawar, ku dubi ƙasa. Da'ira ce ta yashi mai kauri, an kewaye ta da buhunan yashi, 'yan kallo suna can nesa. Kokawar dai tamu ce, ganga da kirari da layu duk suna nan, ba abin da ya ragu. Abin da suka ƙara shi ne sun mai da fage abin da ake shiryawa. Alƙalanci tun kafin a buga ganga yake farawa, kuma maƙwabtanmu sun gane haka shekaru da dama.

Yanzu mu bar ƙasa, mu hau jiki.

Masunta da ke kamun kifi a dam ɗin Challawa da na Kusalla ba sa buƙatar a yi musu dogon bayani a kan santsi. Sun san tarwaɗa. Ka damƙe ta da ƙarfinka duka, ta sulale ta bar ka da yauƙi a tafi. Mai wankin tarwaɗa sai ya nemi toka ko gishiri kafin ta kamu. Ɗan kokawar da ya shafe jikinsa da mai ya mai da kansa tarwaɗa. Ko man gyaɗa ne, ko man kaɗanya, ko kitse, ko basilin, aikin ɗaya ne. Kuma mai wayo ba ya shigowa yana ƙyalli. Tun da rana zai shafa, jiki ya shanye, a gan shi a bushe. Sai an ɗauki mintuna ana turereniya, gumi ya karyo, man ya taso. Abokin karawa ya kai hannu cinya, hannu ya zame. Ya kai ƙugu, ya zame. Ya sunkuya ya ɗebi yashi ya murza a tafi, ya sake kai kamu da ƙarfin da ya fi na farko, hannu ya sake tafiya, shi kuma ya bi hannunsa da ka. Wannan faɗuwa ce ta fuska da wuya, irin wadda ba a so.

An ga haka a fili a ƙasar Japan. Ranar ƙarshe ta shekarar 2006, a birnin Osaka, a irin wasan nan da ake haɗa kokawa da naushi, Kazushi Sakuraba ya kara da Yoshihiro Akiyama. Sakuraba gwanin kamun ƙafa ne. Ya kai kamu, ƙafar ta sulale masa. Ya yi ta ɗaga murya yana gaya wa alƙali cewa jikin mutumin nan santsi gare shi. Alƙali bai tsayar da wasa ba. Akiyama ya yi ta dukansa har aka raba, aka ba shi nasara. Bayan 'yan kwanaki masu gasar suka tabbatar ya shafa mai a jiki kafin ya fito. Aka soke nasarar, aka hana shi kuɗinsa, aka dakatar da shi. Hukunci ya yi kyau. Amma wa zai sauke wa Sakuraba dukan da ya sha? Don gudun irin wannan, a dokar kokawar zamani ta duniya, haramun ne ɗan wasa ya shafa abu mai maiƙo ko mai danƙo, kuma ba a yarda ya shigo jiƙe da gumi ba. Alƙali yana dubawa kafin a fara.

To, masu sauraro, a nan ne za a fara ja da mu, kuma ya kamata mu saurara.

Wani zai ce, ai gumi ma santsi ne, za ku hana mutum gumi? Ba za a hana ba. Amma gumi na kowa ne, kuma tsumma yana ɗauke shi. Mai ba ya gogewa da tsumma ɗaya, kuma mutum ɗaya ne ya zo da shi a ɓoye. Wani kuma zai ce, ai akwai ƙasar da ake kokawa da mai tsamo-tsamo. Gaskiya ne. A garin Edirne na ƙasar Turkiyya, ɗaruruwan shekaru ke nan ana wata gasa da ake kwarara wa 'yan kokawa man zaitun tun daga ka har ƙafa. Amma ku lura da yadda suke yi. A bainar jama'a ake zuba man, kuma kowa ana zuba masa. Suna sa wandon fata mai kauri, ta nan ake kamu. Dabarunsu duka a kan santsin aka gina su, kowa ya san abin da zai tarar. Wannan misali bai rushe maganarmu ba, ƙarfafa ta ya yi. Idan garinku ya ga dama, ya sanar cewa kokawar mai za a yi, a kawo galan a tsakiyar fage a shafa wa kowa. Abin da ba a yarda da shi ba shi ne mudu biyu a kasuwa ɗaya, na saye daban, na sayarwa daban.

Ga kuma ja mafi nauyi. Za a ce kokawa da dambe ba a raba su da shiri. Akwai laya, akwai kambu, akwai guru, akwai wankan magani da turare. Ɗan wasa ba ya so baƙon hannu ya taɓa shi bayan ya gama shirinsa, yana ganin za a karya masa abin da ya ɗaura. Ba mu zo yau don mu yi hukunci a kan laya ba, wannan fagen malamai ne, kuma sun daɗe suna magana a kai. Abin da ya shafi alƙalin wasa ya fi haka sauƙi. Duk abin da ɗan wasa ya rataya don zuciyarsa ta yi ƙarfi, tsakaninsa da zuciyarsa ne. Duk abin da zai yi aiki a tafin abokin karawarsa, ko ya yanke shi, ko ya shiga idonsa, ya zama na fage, alƙali yana da iko a kansa. Layar fata mai laushi ba ta hana kowa kamu. Zobe, da ƙarfe, da ƙaho mai tsini, da dogon farce, waɗannan makamai ne ko da wane suna aka kira su. Ruwan magani in ruwa ne, zai bushe, a jira shi ya bushe. In ya ƙi bushewa, to mai ne, a kawo sabulu. Kuma don kada kowa ya ji an wulaƙanta shi, a duba kowa da kowa. A fara da gwanin gari mai masaukin baƙi. Idan shi ya miƙa hannuwa aka shafa bayansa da farin ƙyalle a gaban jama'a, babu baƙon da zai ce da shi ake.

Mu leƙa gidan dambe, ko da a tsaitsaye ne.

A dambe, hannun da aka naɗe shi ne kayan aiki. Ana sa ƙyalle, a bi shi da zare, a ɗaure tamau. Tsofaffi suna ba da labarin zamanin da wasu ke tsoma naɗin a danƙo da garin kwalba, kuma an daɗe da hana wannan. Amma hani a baki ba ya ganin abin da ke ƙarƙashin zare. Ku saurari labari biyu daga damben Turawa a Amurka, ku auna da kanku. A 1983, a birnin New York, Luis Resto ya yi wa wani matashi mai suna Billy Collins dukan da ya kumbura masa fuska. Bayan an tashi, mahaifin Collins ya je gaisawa, ya kama safar damben Resto, ya ji ta fayau. Ashe an zare abin laushin da ke ciki. An ɗaure Resto da mai horar da shi a kurkuku. Shi kuwa Collins idonsa ya lalace, bai ƙara dambe ba. Labari na biyu a 2009 ne, a birnin Los Angeles. Antonio Margarito zai kara da Shane Mosley. Dokarsu ta ba kowane ɓangare damar tura mutum ya tsaya a kan naɗin hannun ɗaya ɓangaren. Mai horar da Mosley ya tsaya, ya lura da wani abu mai tauri a cikin naɗin, dangin farar hodar nan da ake ɗaure karaya da ita a asibiti. Aka kwance, aka sake naɗi, sannan aka fita. Mosley ya yi nasara, ya koma gida da idonsa biyu. Laifi iri ɗaya ne. A na farko an gano bayan an gama, a na biyu an gano kafin a fara. Tsakanin bayan da kafin, idon mutum ne. Me zai hana a ce ba a naɗa zare sai a gaban wakilin abokin karawa da na alƙali? Ko sisi ba a kashewa a kan wannan.

Yanzu mun iso kan alƙalin kansa.

Sau da yawa alƙalin ƙauye mutum ɗaya ne, tsohon ɗan wasa, ɗan gari. Fitila tana gefe guda, ƙura ta tashi, 'yan kallo sun matso har suna taka fage. Mutum biyu sun zube kusan tare. Wa ya fara taɓa ƙasa? A cikin ƙiftawar ido ake so ya yanke, alhali ƙanen matarsa ne a ciki, mai gidan da ya ba shi abinci kuma yana zaune a kujerar gaba. Ko ya yi gaskiya, baƙi ba za su yarda ba. Daga nan sai jifa, sai sanda, sai gaba tsakanin gari da gari har kaka ta zagayo. Ba mutumin ne mugu ba. An ɗora masa kayan da ya fi ƙarfin kai ɗaya.

Mutanen Japan suna da tasu kokawar gargajiya, sumo, ta ƙattin nan masu ƙiba. Suna riƙe da al'adarta ƙam-ƙam, har gishiri suke watsawa a fage kafin a kama. Duk da haka, ban da alƙalin tsakiya, akwai wasu biyar zaune a kewaye. Kowannensu yana iya ɗaga hannu ya ce bai gamsu ba. Sai su hau fage su tattauna, su tabbatar da hukunci, ko su juya shi, ko su ce a sake. A bakin da'irar kuma akwai lallausan yashi da ake sharewa kafin kowace karawa, don sawun wanda ya fita ya nuna kansa. Tsintsiya ce ta zama shaida. A 1969 aka yanke wa babban gwaninsu Taiho hukuncin faɗuwa, bayan ya yi nasara sau 45 a jere. Hotuna suka nuna ƙafar abokin karawarsa ce ta fara fita. A cikin shekarar nan suka fara amfani da hoton bidiyo wajen warware gardama. Ba su ce al'ada ta hana ba.

Mu ma yau babu fagen da ba a ɗaga waya. Kafin 'yan wasa su wanke jiki, hoton ya hau Facebook da TikTok, kowa ya yanko gefen da ya yi masa daɗi. Tunda hoton zai fita ko an so ko ba a so, gara a ba shi gurbi. A sa alƙalai uku, ɗaya daga masu masauki, ɗaya daga baƙi, na uku daga garin da ba shi da ɗan wasa a ciki. A faɗi abin da ake kira faɗuwa da babbar murya kafin a fara, domin abin da wani gari ke ƙirgawa, wani garin ba ya ƙirga shi. Gwiwa ce, ko hannu, ko sai baya ya taɓa? A yanke tun da sauran haske. A kuma amince cewa idan ƙafa ta zame ba tare da kamu ba, ko ɗan wasa ya yi kukan santsi, alƙali zai tsayar, a duba, a share, a sake. Sakewa ba ta rage wa gwani komai. In da gaske ya fi ƙarfi, zai sake kayarwa.

Saura ja biyu, kuma ba za mu daɗe a kansu ba. Na farko, kuɗi. Za a ce ƙauye ba babban filin wasa ba ne. To me muka lissafa? Yashi, wanda amalanke ke kwasowa daga rafi. Tsofaffin buhunan taki. Tsintsiya, manjagara, bokiti, sabulu, farin ƙyalle, igiyar tsayar da 'yan kallo. Kuɗin da ake liƙa wa makaɗi a turmi ɗaya ya isa ya sayi yawancinsu. Na biyu, za a ce haɗari shi ne gishirin wasan, in an cire shi an kashe jarumta. Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya. Mai shiga fage ya yarda a ɗaga shi a buga da ƙasa, ɗan dambe ya yarda a kai masa kisa. Wannan haɗari ya gan shi, ya karɓa, shi ne jarumtar. Amma bai yi alkawari da tushiyar dawa ba. Bai yarda da man da aka ɓoye ba, bai yarda da ƙarfen da ke cikin zare ba. Makaɗa ba su taɓa yi wa ɓawon rake kirari ba. Idan an kawar da waɗannan, abin da ya rage a fage shi ne mutum da mutum, kuma shi jama'a suka zo kallo.

Akwai wani abu da ba za mu tsallake ba, domin ko an yi duk wannan, wata rana za a ji rauni. Idan ɗan wasa ya faɗi ta ka ko ta wuya, ya ce ba ya jin hannunsa ko ƙafarsa, don Allah kada a ɗaga shi a jijjiga. Kada a ja wuyan wai za a gyara. Kada a naɗe shi a kan babur. A riƙe kansa yadda yake, a shimfiɗa shi a kan abu mai tauri kamar ƙyaure, a sa shi a mota. Laka ce a cikin ƙashin wuyan nan, in ta yanke ba maɗorin da ke ɗora ta. Daga Karaye ko Rogo zuwa asibitin ƙashi na Dala a Kano tafiya ce, don haka motar da za ta ɗauki mai rauni a tanade ta kafin a fara, a san direbanta, a san akwai mai a tankinta. Wanda kuma ya suma a dambe, ko ya tashi yana tangaɗi, wasansa na ranar ya ƙare, ko ya rantse ya warke. Duka na biyu a kan ƙwaƙwalwar da ba ta farfaɗo ba yana iya kashewa. Yawancin samarin nan manoma ne, mahauta ne, masu ɗauke da iyaye. Damina tana jiransu.

Wa zai ɗauki wannan aiki? Tun 2024 ƙananan hukumomin Karaye da Rogo su ne ƙasar masarautar Karaye. Wannan ya sa abin ya zo da sauƙi. Ba a kafa fage a gari ba da sanin mai unguwa da dagaci ba. Idan hakimai suka ce ba izinin wasa sai an zuba yashi, an tanadi alƙalai uku da mota, magana ta zauna. Sarakunan pawa da shugabannin 'yan dambe da 'yan kokawa sun fi kowa sanin dabarun ɓoye, domin a cikinsu suka tashi, su ya kamata a ba farin ƙyallen. Jami'an wasanni na ƙananan hukumomin biyu su rubuta ƙa'idar a takarda ɗaya, da Hausa, a karanta ta a lasifika kafin kowane wasa. Kokawa da dambe da langa sun daɗe da shiga gasar wasanni ta ƙasa a Najeriya. Yaron da ya saba da a duba shi a gida ba zai yi baƙunta ba ranar da ya je can.

Jama'a masu sauraro, ku ne masu fagen. Kai da kake zuwa kallo, je da wuri ka taka filin da ƙafarka, in ka ga tushiya ka tumɓuke. Rakenka ka sha shi a bayan igiya. Kai ɗan wasa, nemi a duba ka tun kafin a ce, sannan ka nemi a duba abokin karawarka. Iyaye, ku tambayi 'ya'yanku wane fili za su, kuma wa zai yi alƙalanci. Kai kuma makaɗi, kai ne mai buɗe wasa. Riƙe gangarka tukuna, kada ka buga sai alƙali ya zagaya fage ya ɗaga maka hannu. Allah ya kai mu kaka lafiya, ya mai da kowane ɗan wasa gida da ƙafafunsa.